Yadda Za Ka Gane Irin Jirgin Sama da Sunansa

Idan jirgi ya nufi filin Lawanti a Gombe, fara da duban fukafukansa. Wanda farfela ke juyawa a samansa, yana sauka tsaye, shi ne mai saukar ungulu.

Abin da ya fi bukatar lura shi ne jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda Henri Fabre ya fara tashi da shi a Faransa a 1910. Ka dubi ƙarƙashinsa: idan ka ga dogayen ƙafafu biyu masu kama da kwale-kwale maimakon tayoyi, ko cikin jirgin kansa mai siffar kwale-kwale, to shi ne. Kada ka kira shi jirgin ruwa, domin ko a tafkin Dadin Kowa ya sauka, tashi sama zai yi.