Darasi na 9: Gina fitilar bango da yumɓu

Fitilar bango ta yumɓu rabin kasko ce da ake kafawa a jikin bango, a ɓoye ƙwan lantarki a bayanta, haske ya riƙa fita ta sama da ta ƙananan ƙofofin da aka huda mata. Wanda ya taɓa kallon yadda maginan tukwane na Mirya, gabas da Damagaram, suke gina tulu da randa, ya riga ya san yawancin aikin.

A jiƙa yumɓu ya kwana, a tsince tsakuwa, sannan a cuɗa shi da dakakken tsingaro, domin tsingaron ne yake hana shi tsagewa a cikin wuta. A kife tsohuwar tukunya, a barbaɗa mata toka don kada ya manne, a shimfiɗa yumɓun a kan rabinta da kaurin ɗan yatsa. Yumɓu yana tsukewa idan ya bushe, saboda haka a yi ginin ya ɗan fi girman da ake bukata.

Zane shi ne inda ya kamata mai koyo ya natsu. Maimakon kwaikwayon fitilun kanti, ya fita da hantsi ko da la'asar ya tsaya gaban manyan duwatsun Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya lura da yadda ɗaya ke hawa kan ɗaya, da siririn hasken da ke ratsa tsakaninsu. Wannan ratsin shi zai yanka a jikin fitilarsa. Wani kuma zai zaɓi layukan da iska ke bari a kan tudun rairayi na wajen Gure, ko ganyen dabinon Gidimuni. A ganinmu zanen duwatsu ya fi dacewa da ɗan koyo, tun da karkacewar hannu ba ta ɓata shi. Ana yin huda ne lokacin da yumɓun ya sha iska amma bai bushe ba, wato idan aka danna farce ya shiga ba tare da ya manne ba. A yi amfani da karan dawa da aka fere ko ƙusa, a bar tazarar yatsa biyu tsakanin ƙofofi, kuma kada a manta da hudoji biyu na rataya.

A shanya a inuwa, musamman lokacin hunturu, domin busasshiyar iska tana tsaga ɗanyen gini. Idan ya bushe sarai, a gasa shi da kara da kashin shanu. Mai son baƙin launi sai ya yayyafa masa ruwan bagaruwa yana da zafi.

Wutar gidajenmu volt 220 ce, don haka a bar wa mai gyaran wuta haɗin waya. A sa ƙwan LED wanda ba ya zafi sosai, a bar saman fitilar a buɗe, kada kuma ƙwan ya taɓa jikin yumɓun.

Aiki: kowa ya zana dutse ɗaya a takarda, ya rubuta sunan unguwar da ya gan shi, ya zo da takardar a darasi na gaba.