Mai hoya, kada ki yanke sandar furen

'Yan'uwa masu kukan hoyarsu (shukar ado mai yaɗo da ake ajiyewa a tukunya) ta ƙi fure, ku fara duba haske. Ku ajiye ta bakin taga mai samun hantsi, amma zafin ranar azahar yana ƙona ganyen. Ta fi son ƙaramar tukunya, saiwoyi a matse; kin sauya mata babba, sai ta yi ta ganye kawai. Ruwa kuwa sai ƙasar ta bushe, ki tsoma yatsa ki ji.

Inda na yi asara: furen ya kaɗe, na ga guntun sanda tsirara, na sa almakashi. Ashe daga kansa sabon fure ke sake fitowa! Da zarar ta fara tohon fure, kada ki matsar da tukunyar.