Yadda za ki taimaki yaro mai otizim idan hayaniya ta fi ƙarfinsa

A gidan biki, da zarar mai kiɗa ya ƙure lasifika, sai ki ga yaro ɗan shekara biyar ya toshe kunnuwansa, ya zube ƙasa yana ihu yana buga kai. Kafin uwarsa ta iso an gama yanke hukunci. Wannan ta ce sangarta ce, waccan ta ce iska ce ta taɓa shi, wata har ta miƙo bulala. Idan yaron yana da otizim, wato larurar ƙwaƙwalwa da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, wadda kafafen labarai kan kira galahanga, duk su ukun ba su gano bakin zaren ba. Ƙwaƙwalwarsa ba ta tace ƙara da haske da wari da taɓi yadda ta sauran yara ke yi, komai shigo masa yake a lokaci guda, da ƙarfi. Tun 2013 kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke amfani da shi ya sa wannan a cikin alamomin larurar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Maza sun fi yawa a cikin waɗanda ake ganowa.

Ga yadda za ki bi abin, daki-daki.

Fara da jikinsa

Yaron da ba ya magana ba shi da hanyar ce miki kunnensa na ciwo. Zai dai riƙa dukan gefen kansa, ko ya ciji hannunsa. Don haka idan halinsa ya sauya farat ɗaya, duba kunne, duba haƙori, ki tuna rabonsa da bahaya, domin cushewar ciki da rashin barci sun yi yawa a irin waɗannan yara. Zazzaɓi ma haka. Idan kuma yakan ƙura ido ya daskare na ɗan lokaci, ki kira shi bai ji ba, ko jikinsa ya riƙa fizga, ki kai shi asibiti, saboda farfaɗiya ta fi samun masu otizim fiye da sauran yara, kuma tana da magani.

Ki samu littafi ki riƙa rubutawa

Wannan shi ne matakin da iyaye suka fi rainawa, alhali shi ya fi amfani. Littafin rubutu na 'yan firamare ya isa. Duk lokacin da ya rikice, ki rubuta abu uku: me ke faruwa kafin ya fara, me ya yi, me ya biyo baya. Ki haɗa da lokaci da wuri. Cikin mako biyu za ki fara ganin abin da ke maimaituwa. Wataƙila sai maƙwabta sun tayar da janareto. Wataƙila injin markaɗe ne, ko turaren wutar da kike sa wa ɗaki bayan magariba, ko ƙwan lantarkin da ke ƙyafta-ƙyafta idan wuta ba ta da ƙarfi. Wani yaron tambarin kamfanin da ke ɗinke a wuyan riga ne ke sukarsa yini guda, ke kuma ba ki sani ba.

Littafin zai kuma raba miki abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai rigimar neman abu: yana son alewa, an hana, yana kuka yana satar kallonki, ana ba shi ya yi shiru. Wannan kowane yaro na yi, har da mai otizim, kuma maganinta ki tsaya a kan maganarki. Akwai kuma rikicewar da ke zuwa idan hayaniya da makamantanta suka fi ƙarfinsa. A nan ba ya kallon kowa, ko kin ba shi alewar ba zai karɓa ba, abin ya riga ya ƙwace masa. Hukunta shi a kan wannan zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi ba.

Rage abin da za ki iya ragewa

Ware masa kusurwa a ɗaki mai ƙarancin haske, da tabarma ko katifa da abin wasan da ya fi so. Kada ki taɓa mayar da wurin na horo, ya zama inda yake guduwa ya huta da kansa. Ki samo masa abin toshe kunne irin na masu aikin injin, ya riƙa sawa a kasuwa ko a mota. Kayan Sallah kuwa, sabuwar shadda mai ƙauri da aikin wuya mai kaushi azaba ce gare shi. Ki wanke ta sau biyu ta yi laushi, ki sa masa 'yar shara ta auduga a ciki, ko ki haƙura ki ɗinka masa yadi mai taushi. Ya fita fes a hoto amma yana kuka ba riba ba ce.

Aski ya cancanci a tsaya a kansa. Shagon aski ya tara duk abin da yaron ke gudu: ƙugin kilifa a bayan kunne, baƙon hannu a ka, gashi na zuba a wuya, ga janareto a bakin ƙofa. Danne shi da maza uku yakan gama askin yau, ya ninka tsoron na gaba. Ki roƙi mai askin ya zo gida, ko mahaifinsa ya koya. Ranar farko ya ga kilifar a kashe, ya taɓa ta. Wata rana a kunna ta daga nesa, ya ga ana yi wa yayansa. Sannan a ɗora ta a bayan hannunsa. In ya ƙi sam, almakashi ma na aski, kuma ba dole a gama kan a zama ɗaya ba.

Ki riƙa sanar da shi abin da ke tafe

Ba-zata na rikita su ƙwarai. Gidajenmu suna da tsari a shirye, wato lokutan salla: bayan asuba karin kumallo, bayan la'asar wasa, bayan isha'i barci. Ki ɗauki hotuna a waya, na kwanon abincinsa, na bokitin wanka, na gidan kakarsa, ki nuna masa kafin a yi abin. Magana ta zama gajera: “Wanka, sannan kunu.” Idan za ku biki, ku je da wuri kafin a cika, ku zauna nesa da lasifika kusa da ƙofa, ki kuma ƙudura tun daga gida cewa rabin awa ta isa. Dangi za su yi ƙorafi, su yi.

Idan ya riga ya rikice

Kawar da wuƙa, murhu da ruwan zafi. Sa matashi ko hannunki tsakanin kansa da ƙasa. Ki sallami 'yan kallo, mutum ɗaya kawai ya tsaya. Rage magana, domin “me ya same ka, yi shiru mana” ƙarin ƙara ce a kunnen da ya cika. Wani yaron runguma mai ƙarfi ke kwantar masa da hankali, wani kuwa taɓi ƙara tunzura shi yake, ke za ki gane naki. Kada a riƙe shi da ƙarfi sai in zai ji wa kansa ko wani rauni, kuma kada a taɓa danne shi rub da ciki, yana iya hana shi numfashi. In ya lafa, ba shi ruwa ki bar shi ya huta, nasiha ta jira.

Ba shi hanyar cewa “ya isa”

Kaɗa hannu, jujjuyawa da lilo da jiki su ne hanyarsa ta saisaita kansa. In ba cutarwa, ki ƙyale shi. Ki ma ƙara masa: lilo a bishiya, tsalle a katifa, ɗaukar ƙaramar jarkar ruwa. Mai cizo a ba shi abin tauna mai tsabta wanda ba zai shaƙe shi ba. A lokacin da yake cikin natsuwa, koya masa alama ɗaya, ɗaga tafin hannu ko miƙo hoton kusurwarsa. Duk sanda ya yi ta, ki amsa nan take, ko kina tsakiyar tuƙa tuwo. In ya ga alamar na aiki, ihun zai ragu a hankali.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: da yawansu suna sulalewa su fita, kuma ruwa na jan hankalinsu. Rijiya ta samu murfi da kwaɗo, sakatar ƙofar gida ta koma sama, a kuma sanar da maƙwabta, musamman da damina in kududdufai sun cika.

Dangi da asibiti

Ki zaunar da kakarsa da goggonninsa, ya fi kyau mahaifinsa ya yi maganar: “Hajiya, yaron nan ƙara ce ke masa ciwo, in ya toshe kunne a taimaka a fitar da shi.” Addu'a kam a yi ta yi, amma hayaƙi a fuska, ɗauri da duka da sunan fitar da iska ƙara masa wahala kawai suke. Allurar rigakafi kuma, duk da jita-jitar da ake yaɗawa, ba ta jawo otizim. Binciken 1998 da ya haddasa wannan jita-jita, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Babu maganin da ke warkar da larurar, duk mai sayar miki da shi kuɗinki yake so. Abin da ke akwai shi ne horon magana da na ayyukan yau da kullum, da magungunan barci ko farfaɗiya ko tsananin fushi waɗanda likita kaɗai zai rubuta. Sashen yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, wurare ne da za a fara. Ki tafi da littafin nan naki da ɗan bidiyon da aka ɗauka a waya lokacin da ya rikice, domin a gaban likita yana iya zama shiru kamar ba shi ba.