Yadda zaka juya gudumar shugaban taro da matashinta a injin katako

Gudumar nan ta katako da shugaban majalisar dattawa yake bugawa a Abuja in an gama jin masu "aye" da masu "nay", ita nake so mu yi yau. Duk wanda ya fara taɓa injin juya katako, irin wanda masu yin ƙafar gado da ƙafar tebur suke aiki da shi, ina bashi shawara ya gwada ta, saboda abu uku ne kacal, kai da ƙota da ɗan faifan da ake bugawa a kai wanda ni nake kira matashi, amma cikin ukun nan babu abinda ba zaka koya ba. Kuma guduma bata ɓoye kuskure. Ƙafar tebur in ta ɗan karkace tana can ƙasa babu mai kallo, ita kuwa wannan hannu ake ɗaukarta, a juya ta, a buga, kunne ya ji.

Abun da ya bani mamaki lokacin da na fara bibiyar tarihinta shine alƙalan Ingila sam basa amfani da ita a kotu, al'adar Amurka ce da ta masu gwanjo. Ta majalisar dattawan Amurka ma bata da ƙota, ɗan guntun hauren giwa ne mai siririn ƙugu, a 1954 ta fashe a hannun Richard Nixon lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa, sai Indiya ta basu wata. Ta babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kuma Iceland ce ta bayar a 1952, ita ma ta karye a 1960 ana tsaka da hayaniyar Khrushchev, shugaban Tarayyar Sobiyet na lokacin. Kaga kenan abu ne da yake shan duka, don haka zaɓen icce shine farkon magana.

Icce mai tauri kuma busasshe kake nema. Ni wanda yafi kwanta min shine ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita, nauyinta da ƙararta babu na biyu, sai dai tana cin bakin cizal sosai, zaka yi ta komawa wajen wasawa. Maɗaci yafi sauƙin yanka kuma in ya sha mai jansa yana fitowa da kyau, shi nake bawa mai farawa shawara. Zuciyar tsamiya ma tana yi. Maɗobiya kyakkyawa ce amma an sare ta har ta kusa ƙarewa a dazukanmu saboda fitar da ita waje, in ba guntun tsohuwar kujera ka samu ba ka barta. Melina kuma ka ajiye ta don gwaji, tayi laushi, bugu uku zaka ga ta lotsa. Dan Allah kar ka ɗauki ɗanyen icce. Ta farko da nayi da ɗanyen reshe nayi ta a ƙarshen damina, tayi kyau ranar da na gama, hunturu na shigowa kan ya tsage tun daga baki har rami, ƙotar ta riƙa rawa a ciki. In ɗanye ne a hannunka ka shafe bakunan biyu da fenti ko narkakken kyandir ka jefa shi inuwa, masu sana'ar suna lissafin kamar shekara guda ga kowane inci na kauri. Mafi sauƙi ka je wajen kafinta ka roƙi ragowar guntayen da suka daɗe a ƙarƙashin benci.

Awon da nake bi: na kan gudumar ka yanko inci 2 da rabi kowane gefe, tsawo inci 5, in an gama zai dawo kauri inci 2 tsawo inci 3 da rabi. Ƙota inci 1 da kwata, tsawo inci 11. Matashi faɗin inci 5, kauri inci 1 da kwata.

Toh ga wajen da mafi yawan mutane suke faɗuwa, kuma nan zan fi daɗewa. Ramin ƙota ana huda shi ne tun katakon yana da kusurwa huɗu, kafin ya hau inji. In ka bari sai ka gama mulmula shi ya zama kamar gwangwani sannan ka kawo diril, zai mirgina, bakin diril ya zame, ramin ya tafi gefe, kuma ko da gashin kai ɗaya ya kauce ido zai gani da zarar ka sa ƙota. Don haka ka fara tabbatar gefunan a miƙe suke, ka ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa a bakunan biyu ka samu tsakiya, ka ɗan huda da ƙusa. Sannan a fuska ɗaya ka auna tsakiyar tsawo da tsakiyar faɗi, inda suka haɗu nan ne ramin. Bakin diril mai milimita 16, zurfi inci 1 da rabi, ka naɗa salatif a jikin bakin don ka san inda zaka tsaya. In akwai diril na tsaye a shagon da kake zuwa ka yi amfani da shi, in na hannu ne ka sa wani ya tsuguna yana duba maka ta gefe ko ka miƙe. Bayan nan ka fere ɗan guntun melina ka cusa a ramin da ɗigon gam guda, shi zai hana bakin ramin ɓantarewa lokacin da cizal yake wucewa ta kansa, in ka gama sai ka sake huda shi ya fita.

Kafin ka kunna inji, cire babbar riga, naɗe hannun jallabiya ko ma ka sa ƙaramar riga, agogo da zobe da carbi duk a aljihu, kuma ba a sa safar hannu a wannan aikin don in ta kama da hannun zata tafi. Gilashin kare fuska da takunkumi dole ne. Ka ɗaura katakon tsakanin tsinin gaba da na baya, ka matso da matokarin cizal kusa, ka juya da hannu ka ga babu inda yake gogawa. Fara da gudu kamar juyi 800 zuwa 1000 a minti, in ya zama mulmulalle ka ƙara zuwa 1500 ko sama kaɗan. Ka tsaya gefe lokacin da kake kunnawa.

Da babban cizal mai kwarmi zaka cinye kusurwoyin. Ɗora shi kan matokari tukun, ka bari bayan bakin ya taɓa katakon, sai ka ɗaga hannunka na baya a hankali har ya fara fitar da ɓawo. In gari kake gani kamar dusa maimakon ɓawo mai naɗewa, cizal ɗinka ya dakushe, je ka wasa. Kullum yanka daga tudu zuwa kwari, daga wajen kauri zuwa wajen siranta, in ka hau tudu jijiyar katakon zata tashi.

Yanzu sai daidaita ɓangarorin biyu, wanda shine ainihin gwajin. Kar ka auna daga bakin katako, daga tsakiyar ramin zaka auna komai. Ka samu ɗan kwali ka zana layin tsakiya, ka sa alamomin ado a gefe ɗaya, ka ɗora fensir kan katakon yana juyawa ya zana zobe, sannan ka kifa kwalin ka zana ɗaya gefen da alamomin nan dai. Kuma duk abinda ka yanka a dama ka yi takwaransa a hagu nan take kafin hannunka ya manta, kar ka gama gefe guda kaf sannan ka dawo. Kalifa, wato ma'aunin kauri mai ƙafa biyu, tana hannunka kana gwada kauri. Ado kar ya yi yawa, ɗamara mai faɗin inci guda a tsakiya inda ramin yake, kwari ɗaya da ƙaramin zobe kowane gefe, ya isa. Fuskokin bugu kuma ka basu ɗan tudu kaɗan kamar bayan faranti, ka kashe kaifin gefen, saboda in fuskar a shafe take gefenta ne zai riƙa sauka kan matashi yana ɓantarewa. Ka goge da sanfefa tun yana kan inji, 120, 180, 240, har 320, ka janye matokarin tukun, kuma bayan kowace lamba ka kashe inji ka goga ta tsawo don layukan zobe su ɓace. Sai ka sirantar da bakunan biyu, ka sauke, ka ƙarasa da zarto, ka goge ɗan cibiyar da ta rage da hannu.

Ƙota bata da wahala sai abu biyu. Na ɗaya harshen da zai shiga rami, ka yi shi a ɓangaren tsinin baya don ka riƙa saukewa kana gwadawa. Sifana mai lamba 16 ta bakanike ita ce ma'aunina, ina ragewa kaɗan kaɗan har ta shige, daga nan sai gwaji da kan gudumar kansa. So ake ya shiga da ɗan ƙarfin hannu, ba da duka ba kuma ba yana lilo ba. Tsawonsa ya gaza zurfin ramin da kaɗan, kuma kar ka yi masa kafaɗa mai faɗi tunda jikin kan a zagaye yake, zata bar giɓi gefe da gefe, ɗan wuya siriri da yake narkewa cikin ramin yafi kyau. Na biyu, in ƙotar ta sirance zata fara karkarwa tana barin tabo kamar ƙaya, toh ka sassauta matsin tsinin baya kaɗan, ka rage cin cizal, ka tallafe ta da yatsu ta baya a hankali. Wajen riƙo ka barshi da kauri kamar inci guda, ka kashe inji ka kama ka ji a tafinka, hannu yafi kalifa sanin wannan.

Matashi aikinsa daban ne domin jijiyarsa a kwance take, tana gilmawa. Babban cizal ɗin da ka cinye kusurwa da shi kar ka kusanto da shi nan, yana iya cafka ya karye a wuya, wannan ba wasa bane. Cizal na kwano ko na kankarewa zaka ɗauka, gudu kuma ka fara ƙasa, kamar 600. Ka zana da'ira ka yanke kusurwoyin da zarto. Don kar sukurori su ɓata shi, ɗaure wani guntun banza a faifan ƙarfen injin, ka manna matashin a jikinsa da gam da takardar jarida a tsakani, ya kwana. Ƙasan zaka fara yi: ka rarake kwarmi mai faɗin inci 3 zurfin kamar milimita 10, ka bar baki kewaye da zai zauna a kansa. Wannan kwarmin shine sirrin ƙarar, kamar yadda cikin turmi ko ganga yake amsawa, in babu shi "dum" kawai zaka ji a mace. Sai ka sa cizal a layin takardar ka ɗan buga ya rabu, ka juya guntun banzan nan ya zama daidai da kwarmin ya shige da matsi, ka kifa matashin a kai, ka tokare da tsinin baya da ɗan katako a tsakani, ka gyara sama da gefe. Saman a shafe, da ɗan zobe kusa da baki in kana so.

Wajen haɗawa ka ja ɗan tsagi a jikin harshen ƙotar da wuƙa don iska da rarar gam su samu hanyar fita, in ba haka ba zaka tura ta riƙa dawowa. Farin gam na kafinta ya wadatar, ka goge wanda ya fito da jiƙaƙƙen tsumma, ka barshi awa 24. Ni bana son banish mai kauri a kan guduma, bugu yana fasa shi ya riƙa ɓarewa. Man linsid, irin man da ake shafa wa katako, nake shafawa sau biyu ko uku, kowanne ya bushe, sannan kakin zuma a murza da tsumma har ya ɗauki ƙyalli. Tsumman man linsid ɗin kar ka dunƙule shi ka jefa cikin dusar katako, yana iya kama wuta da kansa, ka shanya shi a buɗe a waje.

A ƙarƙashin bakin matashin ka manna ƙananan guntayen fata guda uku, uku ba huɗu ba don kar ya yi rawa, kuma su zasu ɗaga shi kaɗan daga tebur sautin ya fito. Sai ka ɗora a tebur ka buga sau ɗaya a tsakiya. In kaji "ƙwas" mai kaifi an gama. In sautin ya toshe, mayar da shi kan inji ka ƙara zurfin kwarmin da milimita 2 ka sake bugawa, amma ka tabbata naman da ya rage a sama bai gaza milimita 18 ba.