Yadda Ake Buga Yaƙin Waterloo a Kan Tebur, Kai da Abokinka

Ranar Lahadi, 18 ga Yunin 1815, a kudu da birnin Brussels na Beljiyam, kusa da ƙauyen Waterloo, Napoleon, sarkin Faransa, ya ja daga da sojoji kusan 72,000, Wellington kuma, kwamandan Birtaniya da ƙawayenta, ya tare masa hanya da kusan 68,000. Wannan karon battar za ku maimaita da kwali da ƙwayar ludo. Wasan yana da tsohon asali, don tun 1824 hafsoshin Prussia, wata tsohuwar daular Jamusawa, suke koyon dabarun yaƙi da irinsa.

Fara da taswira. Samu babban kwali ka zana masa gidaje masu kusurwa shida, irin na saƙar zuma, kamar 15 a faɗi, 12 a tsawo. A arewa ka shata tudun Mont-Saint-Jean, inda Wellington ya ɓoye mutanensa. A gabansa ka sa gidajen gona biyu masu katanga, Hougoumont daga yamma, La Haye Sainte a tsakiya, bakin hanyar Brussels. Ƙauyen Plancenoit yana kudu maso gabas, a bayan Faransawa.

Sai 'ya'yan wasa. Yanka kwali ƙanana, kowane ɗaya ya tsaya a madadin mutum 4,000: Faransa 18, Wellington 17, Prussia (da ta kawo wa Wellington ɗauki) 12. Rubuta wa kowanne lamba biyu, ƙarfi da tafiya. Dakarun ƙasa ƙarfi 3, tafiya gida 2. Mahaya dawaki ƙarfi 2, tafiya 4. Igwa ƙarfi 3, tafiya 1, amma tana harbi daga gida biyu. Dogaran Napoleon ka ba su ƙarfi 5.

Faransa ke fara motsi, ta yi tafiya, ta kai hari, sannan abokin karawa ya yi nasa. Idan an haɗu, kowa ya tara ƙarfin 'ya'yansa da ke faɗan, ya jefa ƙwaya ya ƙara a kai. Wanda ya gaza ya ja baya gida ɗaya; in ratar ta kai 4, a ɗauke ɗan daga fili. Mai tsaro a kan tudu ko cikin katanga yana da ƙarin 2. Kada ka raina wannan ƙarin: Faransawa sun wuni suna zuba mutane a Hougoumont ba su ci shi ba.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne agogo, domin nan ran wasan yake. Kowane zagaye awa ɗaya ne, daga 11 na safe zuwa 9 na dare. Ruwan da aka kwana ana yi ya mai da filin taɓo, shi ya sa Napoleon bai fara ba sai wajen sha ɗaya da rabi, kuma wannan jinkirin ne ya ba Blücher, kwamandan sojojin Prussia, damar isowa. To, ku jera 'ya'yan Prussia a gefen tebur ta gabas, inda mai riƙe da Faransa zai riƙa ganinsu. Daga zagayen ƙarfe 4 na yamma suke shigowa, uku-uku, suna nufar Plancenoit. Za ka ga hannun abokinka ya tsaya cak a kan dogaransa, yana duban tudu, yana duban gabas, ya rasa inda zai tura su. Duk wanda ya cire wannan doka don wasa ya yi sauƙi, ya ɓata shi.

Faransa ta yi nasara idan ta fitar da 'ya'ya uku ta hanyar Brussels kafin dare. In ba ta iya ba, ko ta rasa rabin rundunarta, Wellington ya ci. Da kun gama, ku yi musayar kujeru ku sake bugawa, kuma wanda ya fi sanin wasan ya fara ɗaukar Faransa, don ita ce mai wahalar riƙo.