Yadda zaka reni tsutsar furen wake har ta yi fiffike

Mutane da yawa sun san tsutsar nan mai ɓata furen wake amma basu taɓa ganin uwarta ba, don ita malam-buɗe-littafi ce ta dare, da rana tana laɓe ƙarƙashin ganye ta baje fikafikanta shiru. Masana suna kiranta Maruca vitrata, wani masanin ƙwari mai suna Fabricius ne ya fara bayaninta tun 1787, kuma tana nan a ƙasashe masu zafi daga Afirka zuwa Asiya har Kudancin Amurka.

Fara da nemo tsutsar. Ka shiga inda wake ke fure, ka duba furen da ya manne da ɗan'uwansa ko da ganye da wani siririn zare kamar yanar gizo, ga ɗan kashinta a bakin ramin, to tana ciki. Buɗe a hankali zaka ganta fara-fara, kanta da duhu, ɗigo-ɗigo jere a bayanta.

Tsinko ta tare da furen ka saka a kwalba mai tsabta, ka shimfiɗa takarda a ƙasa ka rufe bakin da yadi shara-shara ka ɗaure, banda murfi. Nan ne fa aikin yake gaskiya, furen wake baya jimawa yake ruɓewa, in ya jiƙe ya yi funfuna tsutsar mutuwa take, shi yasa kullum sai ka cire tsohon ka sa sabo ko ɗanyen kwanson wake ka canza takardar, kuma kar ka bar kwalbar a rana ko kaɗan.

Cikin sati biyu ko ƙasa da haka zata daina ci ta sauko ta naɗe kanta cikin zare. Kar ka taɓa ta, kar ka zata ta mutu.

Kamar sati ɗaya sai ta fito. Ƴar ƙarama ce, faɗinta bai kai santimita 3 ba, amma wallahi ka matso da fitila ka kalla da kyau, fiffiken gaba ruwan ƙasa ne da wasu tabo farare da haske ke ratsawa kamar gilashi, daga nan ma sunan vitrata ya samo asali, na baya kuma fari ne da baki-baki ruwan ƙasa. Ni dai wannan tabon ne ke sa na daɗe ina kallo.

In ka gama kar ka sake ta kusa da gonar wake, mace ɗaya ƙwai da yawa take zubawa a kan fure.