Kurakuran da aka fi yi wajen tsara mataimakin dijital na cike takardar haraji

Wanda ya buɗe manhaja domin ya cike takardar haraji ba a natse yake ba. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, abin da ya koya bara ya riga ya manta da shi, kuma a ransa akwai fargabar cewa lamba ɗaya da ya rubuta ba daidai ba za ta iya jawo masa tara. Masu tsara manhajar kuwa sun shafe watanni suna karanta dokar haraji har kalmominta sun zame musu jiki, shi ya sa sukan gina abin da ya dace da saninsu, su bar mai amfani yana lalube. Kusan duk kurakuran da ake gani a wannan fage daga nan suke tasowa.

Wanda ya fi yawa shi ne a ɗauko fom ɗin hukuma kamar yadda yake a takarda, a zuba shi a allon waya, a sa masa hoton ɗan mataimaki a gefe, a ce an gama. Fom ɗin an tsara shi ne domin jami'in da zai duba, ba domin wanda zai cike ba. Idan allo ya ce, "Shigar da jimillar kuɗin shiga da ba na albashi ba," mai gidan haya ba lallai ya gane cewa da shi ake ba. Amma idan aka tambaye shi, "Ban da albashi, ka karɓi kuɗin haya, ko ribar kasuwanci, ko ladan wani aiki a wannan shekara?" nan take zai amsa, sannan manhajar ta kai amsarsa layin da ya dace. Haka kuma amsa ɗaya ya kamata ta rufe tambayoyi goma: wanda ya ce ba shi da kasuwanci bai kamata ya sake ganin maganar kayan ajiya ko kuɗin gudanarwa ba har ya gama.

Kusa da wannan akwai tambayar mutum abin da an riga an sani. Ƙasar Denmark ta fara aika wa mutane takardar da hukuma ta cike musu tun 1988, Estoniya ta buɗe tsarin cike haraji ta intanet a 2000, a Sweden kuma mutum yana iya amincewa da takardarsa ta saƙon tes. Dalilin sauƙin shi ne ma'aikatu da bankuna sun riga sun aika wa hukuma bayanan albashi da kuɗin ruwa. Mataimakin da ba shi da irin wannan hanya yana iya ɗauko bayanan bara, ko ya karanta hoton takardar albashi, matuƙar zai nuna wa mutum abin da ya karanta ya ce masa ya tabbatar, domin na'ura tana iya ɗaukar 7 a matsayin 1.

Kuskuren da ya fi haɗari, a ganina, sabo ne: barin ƙirƙirarriyar basira mai hira ta yi lissafi kuma ta yanke hukunci. Irin wannan manhaja an horar da ita ne ta jera kalmomi masu kama da gaskiya, kuma da murya ɗaya take faɗin daidai da kuskure. A watan Maris na 2024 jaridar Washington Post ta gwada mataimakan hira na manhajojin cike haraji TurboTax da H&R Block a Amurka, ta samu amsoshi da dama da ba daidai ba ko marasa amfani. Wata guda kafin haka, wani zauren sasanta ƙananan ƙararraki a Kanada ya yanke cewa kamfanin Air Canada ne ke da alhakin bayanin ƙarya da mataimakinsa na hira ya ba wani fasinja, wato kamfani ba zai ce laifin na'ura ba ne. Gyaran shi ne a raba aiki biyu. Mai hira ya saurari mutum, ya fassara masa kalmomi, ya gano inda tambayarsa ta dosa. Lissafi kuwa a bar wa wani sashe da aka rubuta dokokinsa ɗaya bayan ɗaya, aka gwada shi da ɗaruruwan misalai da ƙwararrun haraji suka lissafa da hannu. Dubi bambancin da ke tsakanin rangwamen da ake cirewa daga kuɗin shiga da wanda ake cirewa daga harajin kansa. Mutumin da ake karɓar kashi 20 cikin ɗari daga gare shi, rangwamen 1,000 na farko 200 kawai zai rage masa, na biyun kuwa 1,000 ɗin cif zai rage. Mataimakin da ya cakuɗa waɗannan biyun ya yi wa mutum alkawarin kuɗin da ba zai gani ba. Idan kuma lamari ya wuce iyakarsa, kamar gado ko kuɗin da aka samo daga wata ƙasa, ya fito fili ya faɗa, ya miƙa mutumin ga ƙwararre tare da bayanan da aka riga aka tattara, kada a sa shi ya faro daga farko.

Dokokin lissafin ma a ɗaure kowace da shekararta, domin ƙima da iyakoki suna canjawa, kuma akwai masu dawowa gyara takardar shekara biyu da suka wuce.

Saƙon kuskure wani wuri ne da ake yawan sakaci. Mutum ya kai shafi na tara, ya danna maɓallin ci gaba, sai jan rubutu ya fito: "An samu matsala, lamba 4012." Bai san wane akwati ba ne, bai san abin da zai gyara ba. Saƙon da ya yi aikinsa zai tsaya kusa da akwatin ya ce lambar shaidar haraji da aka rubuta ta gaza da lamba ɗaya, ya kuma nuna inda ake samunta. Sannan a riƙa adana kowace amsa da zarar an ba da ita, domin mutane sukan tashi neman rasit, intanet takan yanke, kuma a kwanakin ƙarshe na wa'adi ne jama'a suke yin cincirindo har manhajoji su yi nauyi.

Batun sirri ba abin da za a bari sai ƙarshe ba ne. A watan Nuwamba na 2022 kafar bincike ta The Markup ta gano cewa wasu shafukan cike haraji a Amurka suna tura bayanan kuɗin masu amfani da su zuwa Facebook ta hanyar wata 'yar manhajar bin sawu da aka dasa domin talla. Shafin da ake rubuta albashi da adadin 'ya'ya ba wurin dasa irin wannan ba ne ko kaɗan. Haka nan farashi: a 2022 kamfanin Intuit, mai manhajar TurboTax, ya amince ya biya dala miliyan 141 kan zargin da jihohin Amurka suka yi masa na yaudarar mutane da kalmar "kyauta". Idan akwai biya, a faɗa a allon farko, ba bayan mutum ya ɓata awa guda ba.

Gwaji kuma a yi shi da mutanen da ba su san haraji ba, ciki har da dattijo mai raunin gani da makaho mai amfani da manhajar karanta allo. Jakob Nielsen, masanin sauƙaƙa amfani da manhaja, ya nuna tun 2000 cewa mutum biyar sun isa su bankaɗo mafi yawan matsalolin tsari a zagaye ɗaya, in dai mai tsarawa zai zauna ya yi shiru yana kallo. A irin wannan zama ne ake gane cewa allon ƙarshe ma yana da gyara, domin mutane da yawa sukan danna "aika" sau biyu saboda ba su ga alamar an karɓa ba. Allon nan ya kamata ya nuna ranar karɓa, lambar shaida, adadin da za a biya ko za a maido, da kwafin takardar da mutum zai iya saukewa ya ajiye.